Abin da nake gani idan na kwance na'urar gem

A gefen teburin da nake aiki akwai wani gwangwani da nake jefa matattun analog, wato ɗan majuyin nan na jikin hannun gem da ake turawa da babban yatsa. Ba ya jimawa bai cika ba. Sana'ata gyara da sayar da na'urorin wasan bidiyo, sababbi da tsofaffi, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Kullum sai an tambaye ni wace na'ura ce kuɗinta ya dace da abin da ke cikinta, kuma kafin in buɗe baki wannan gwangwanin nake fara tunawa.

Bari in faɗi yadda analog yake mutuwa, don a nan maganar take. A cikinsa akwai wasu 'yan faya-fayai biyu masu layin kabon, da wani siririn ƙarfe da ke gogar layin duk lokacin da aka juya. Ta haka na'ura ke sanin inda yatsa ya nufa. Abin da ake goga dare da rana kuwa dole ya cinye. Idan layin ya ƙoƙe, ga ƙura ta shiga, sai ka ajiye hannu a ƙasa ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai a talabijin. Gyaransa sai an kwance hannun gaba ɗaya, a narkar da dalmar ƙafafu 14 ɗaya bayan ɗaya, a zare tsohon a dasa sabo. Yaron da bai ƙware ba yakan ɗaye layin allon da zafin ƙarfe, shi ya sa sai wanda ya daɗe a wurina nake bari ya taɓa.

Abin da ke damuna shi ne maganin wannan ciwo ba sabo ba ne. Akwai analog mai aiki da maganaɗisu, wanda babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Kamfanin Sega ya saka irinsa a hannun na'urarsa Dreamcast tun 1998. Ina sayen iri biyun a wurin masu kayan gyara, kuma tazarar kuɗinsu ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka manyan kamfanoni sun ci gaba da na goga. A 2020 sai da shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri kan irin wannan matsala a Joy-Con, hannun na'urarsu Switch. A 2023 Sony ta fito da DualSense Edge a dala 200, hannun da ake zare analog ɗinsa a canza ba tare da dalma ba, ana sayen na canjin dala 20. Ke nan an san wurin yana lalacewa. A ganina wannan ba abin da za a keɓe wa mai dala 200 ba ne, kowane hannu ya cancanci haka.

Ga inda kuɗin yakan tafi. A 2013 Microsoft ta fito da Xbox One a dala 499, haɗe da kyamarar Kinect mai ganin motsin jiki da jin murya, kuma ba a sayar da na'urar sai da ita. PlayStation 4 ta Sony ta fito a wata guda da ita a dala 399. Mutane suka duba, suka ga dala 100 za su ƙara a kan abin da ba su nema ba. Zuwa watan Yuni na 2014 an cire kyamarar, farashi ya dawo 399, a 2017 kuma aka daina ƙera kyamarar. Nintendo ma ta ɗanɗana irin wannan da Wii U a 2012, mai hannu da babban allo a tsakiya: kimanin miliyan 13 da rabi aka sayar, alhali Wii da ta gabace ta, wadda ta fito a dala 250 ba tare da wani ƙarfin hoto na a zo a gani ba, ta haura miliyan 100.

Ba ina cewa duk ƙari ɓarna ba ne. PlayStation 2 ta zo a 2000 tana kunna faifan DVD, a lokacin da na'urar DVD kaɗai ke da tsada, sai iyali suka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu. Ta haura miliyan 155. Ƙarin da mutum zai yi amfani da shi kowane mako daban, wanda zai gwada ranar farko ya nuna wa baƙi ya mayar kwali daban.

PlayStation 3 ce ta fi koya mini wannan darasi, domin ita ce aka cusa wa komai. A 2006 babbar ta fito a dala 599: Blu-ray, ramukan USB huɗu, ramukan katin memori, har da ainihin ƙwaƙwalwar PlayStation 2 a kan allonta don ta iya tsofaffin wasanni. Duk da wannan tsada, a kan asara Sony ke sayar da ita. Sai aka shiga ragewa. A 2007 aka fito da ta dala 399 wadda ba ta kunna wasannin PlayStation 2, ramukan USB suka koma biyu. Ramukan katin ban taɓa jin wanda ya yi kewarsu ba. Amma har yau akan shigo shago a tambaye ni ko ina da waccan ta farko mai ƙiba, saboda mutum yana da tarin tsofaffin faya-fayai da ba ya son rabuwa da su. Iya kunna tsofaffin wasanni yana cikin abin da nake ganin ya biya kuɗin sabulu, kuma yanzu ya yi sauƙi: PlayStation 5 tana kunna kusan duk wasannin PlayStation 4 ba tare da an dasa mata ƙwaƙwalwa ta biyu ba, tunda ginin nasu iri ɗaya ne.

Sai zafi. Babu mai sayen na'ura saboda fankarta, ba a ma rubuta girman fanka a jikin kwali, amma yawancin manyan gyare-gyaren da ke zuwa teburina daga nan suke. Kana ɗaga murfi za ka tarar ƙura ta danƙare a haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ke kan ƙwaƙwalwa ya bushe ya zama kamar alli, fanka tana ihu tana neman iska. Duniya ta ga abin da rowa a wannan wuri ke jawowa: jajayen fitilu uku na Xbox 360, alamar na'urar ta lalace, waɗanda suka sa Microsoft a 2007 ta ware sama da dala biliyan 1 don gyara, ta kuma tsawaita garanti zuwa shekara uku. Shi ya sa na yaba da PlayStation 5 ta farko da aka yi wa murfin da ake zarewa da hannu, da ramukan da ake zuƙe ƙura ta cikinsu. Wasu suna kukan ta cika girma. Ni girman bai dame ni ba, iska ce take samun hanya.

Maganar faifai ita ce ta fi kawo gardama a shagon, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ina sayar da tsofaffin faya-fayai, don haka ina da riba a ciki. Wata rana wani dattijo ya shigo da ɗansa, yaron bai wuce shekara 12 ba, ya ci jarrabawa an yi masa alkawari. Na'urori biyu ne a gabansu, ɗaya mai bakin faifai, ɗaya babu. Ya ce, "Malam, tunda wasan ɗaya suke yi, me zai sa in biya ƙari?" Na ce, "Baba, tambaya ɗaya zan yi wa yaron nan." Na juya na ce, "Abokanka suna da irinta?" Ya ce uku suna da ita. Na ce, "Kuna aron wasa?" Ya yi murmushi ya kalli ƙasa. Sai na yi wa mahaifin bayani: wasan da aka saya a faifai ana aronsa, ana musanya shi, idan an gama a sayar a cika a sayi wani. Wanda aka sauke ta intanet yana maƙale da asusun mai shi, kuma a kantin kamfanin kaɗai ake sayensa, a farashin da kamfanin ya ga dama.

Dala 100 ce tsakanin iri biyun na PlayStation 5 a 2020, 499 da 399, kuma tsofaffin faya-fayai kaɗan sun isa su mayar da ita. Kantin intanet ɗin ma ba dawwamamme ba ne. Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. Na yarda akwai wanda wasa ɗaya ko biyu yake yi shekara da shekaru, ƙwallo ko harbi, kuma yana da intanet mai ƙarfi. Shi marar faifai ta ishe shi, haka nake gaya masa ko da cinikin faifaina zai ragu. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne PlayStation 5 Pro da ta fito a 2024 a dala 700 babu bakin faifai, sai an saye shi daban a dala 80. Na'ura mafi tsada bai kamata a ce sai an yi mata ciko ba.

Wurin ajiya ma haka. Xbox Series S ta fito a dala 299, araha ta gaske, an rubuta mata giga 512, amma abin da ya rage wa mai ita bayan tsarin na'urar ya ɗauki nasa kimanin 364 ne. PlayStation 5 an rubuta 825, ana samun 667. Manyan wasannin yanzu akwai masu haura giga 100 kowanne. Katin ƙari na Xbox mai tera 1, wanda shi kaɗai ke shiga raminta, dala 220 ya fito, kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin ita Series S ɗin. An gudu gara an faɗa zago. A nan Sony ta kyauta, don ramin da ta bari yana karɓar irin ma'ajiyar M.2 da kwamfuta ke amfani da ita, kowane kamfani na yi, gasa tana sauke kuɗin. Sukudireba ɗaya da minti biyar sun ishe ni in saka wa mutum.

Dattijon nan, na'ura mai bakin faifai ya saya. Ya tsaya ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ce ba zai ƙara hannu na biyu ba sai wani lokaci, na ce hakan ma daidai ne. Bayan wajen shekara guda yaron ya dawo shi kaɗai, faya-fayai biyu a leda zai musanya, da hannun gem ɗinsa a ɗaya ledar. Ya ce, "Kawu, ɗan wasana yana tafiya hagu ko ban taɓa ba." Na kwance, na zare analog ɗin na jefa a gwangwani, na dasa masa mai maganaɗisu a ɓangarorin biyu don kada ya sake dawowa saboda na daman. Na haɗa da kwamfuta na daidaita tsakiyarsa har ɗigon ya tsaya cak, sannan na miƙa masa ya gwada kafin in ɗaure sukurori.