Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Baba Ya Zo CAS

A makon jiya na tsaya a inda sakamakon JAMB ya fito karo na biyu, makina bai kai ba, na shige ɗaki na ja ƙyaure, kwana uku ko masallaci sai an yi da gaske nake fita. Kawu, ƙanin Inna, shi ya taso daga Kano har Kura, ya zauna a zaure ya ce wa Baba: "Yaya, ka ba ni yaron nan. Ba JAMB kaɗai ce ƙofar jami'a ba."

Ƙofar da yake nufi ita ce IJMB. Ga wanda bai sani ba, shiri ne da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Darussa uku za ka ɗauka, ka yi kusan shekara kana fama da su, in Allah ya ba ka sa'a ka ci da maki mai kyau, sai ka nemi jami'a ka faɗa aji biyu kai tsaye. Haka na samu kaina a shekarar 2012 a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Share Fagen Shiga Jami'a ta Jihar Kano, wadda ba wanda ke wahalar da bakinsa wajen kiran wannan dogon suna. Kowa CAS yake cewa. Na ɗauki Kemistiri da Fiziks da Bayoloji, don a lokacin likita nake mafarkin zama.

A gidan Kawu na sauka, a Gama. Kullum da sassafe zan sha koko da ƙosai, in rataya jaka, in nufi titin Filin Jirgi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jirage. Filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa, don haka ana tsaka da lakca sai ka ji rugugi ya taso, malam ya ɗaga alli ya yi shiru har ya wuce. Lokacin jigilar alhazai kuwa abin ya fi yawa. 'Yan birni ko a jikinsu. Ni kam sai da na yi wata guda ina satar kallon taga.

Mutanen da na tarar a can ban taɓa ganin irinsu a wuri ɗaya ba. Ga 'yar Alhaji da direba ke saukewa a bakin ƙofa, ga matar aure da ta bar goyo a gida tana ta duba agogo, ga magidanci ma'aikaci da furfura ta fara fito masa, ga 'yan Sabon Gari masu juya harshe daga Ibo ko Yarabanci zuwa Hausa kamar ba komai. Kusan kowannenmu da tabon da ya zo da shi: wani JAMB ce ta kayar da shi, wani kiredit ɗin Turanci ko Lissafi ya rasa ya zo gyara. Shi ya sa ba a cika tambayar mutum me ya kawo shi ba. Amma akwai 'yar tsama tsakanin 'yan kimiyya da 'yan ɓangaren fasaha. Mu masu farar rigar lab muna ganin mu ne masu karatun gaske, su kuwa labari kawai suke sha. Duk da haka babban abokina a can ɓangaren yake, wani ɗan Fagge mai karanta Hausa da Tarihi da Addinin Musulunci. Tare muke cin wake da shinkafa da rana, wanda ke da kuɗi ya biya.

Akwai abin da na ɓoye masa, na kuma ɓoye wa kowa. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomin shinkafa ne. Ba ƙarya na yi ba, tun da ruwan madatsar Tiga ya iso ƙasarmu kusan kowane gida a Kura ya shiga noman rani. Sai dai rabin gaskiya ce. Baba marini ne, ɗan marini, jikan marini. Kura ta yi suna da rini tun kaka da kakanni, har baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke saye da tsada su kai Agadas sunan garinmu ya ci, ɗan kura. Karofin unguwarmu ya mutu saura kaɗan, ramuka da yawa an cike su da shara, amma Baba ya riƙe marinarsa guda ya ƙi saki. Hannuwansa daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne mai duhu, faratan kuwa baƙi ƙirin. Ba sabulun da ke fitar da shi. Tun ina firamare yara ke tsokanata da wannan hannu, ni kuma na girma da kunyarsa a cikina. Yau da nake rubuta wannan ina jin nauyin faɗa, amma haka abin yake.

A ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah ya ji ƙansa. 'Yan kwanaki bayan nan gwamnati ta hana goyo a babur. Wanda bai zauna Kano a lokacin ba ba zai gane yadda gari ya rikice ba. Acaɓa ita ce ƙafar talaka, rana ɗaya aka wayi gari babu ita. A Daidaita Sahu ta yi kaɗan, mutane cirko-cirko a bakin titi, ga shingayen jami'an tsaro ko'ina, ga hazo da sanyin hunturu. A cikin wannan hali ne na aika gida cewa ana neman cikon kuɗin jarrabawa. Na zaci za a ba wani direba ya kawo wa Kawu kamar yadda aka saba.

Ranar muna lab, muna gwajin asid da alkali. Abokiyar aikina wata Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, ita ke riƙe da kwalbar, ni ina sakin ruwa daga buret, wato dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa. Sai wani ɗalibi ya leƙo ya ce ana sallama da ni, wani dattijo. Ina juyawa na hango shi ta taga. Baba ne, da shuɗiyar rigarsa ta zuwa Juma'a, ƙura ta yi masa fari a gira da gemu, ɗan buhun shinkafa a kafaɗa. Daga baya na ji cewa daga inda motar Kura ta sauke shi a Unguwa Uku ya samu abin hawa zuwa Bata da ƙyar, sauran tafiyar kuwa a ƙafa ya yi ta, yana tambaya har ya iso.

Na fita da sauri na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗan nan, kai ne a cikin farar riga haka?" Yana murmushi. Ni kuwa idona na kan hannunsa da ke riƙe da bakin buhu, da kuma 'yan ajinmu da suka fara leƙe. Na karɓi buhun na ce, "Baba, mu je can gindin darbejiya, ya fi inuwa." Inuwa a cikin hunturu.

Ba mu yi taku uku ba malaminmu na Kemistiri ya fito. Mutum ne mai tsare gida, ba ya wasa da ɗalibi. Ya dube ni, ya dubi Baba, sai ya rusuna ya miƙa hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?"

Da ya riƙe hannun bai sake shi da wuri ba. Ya juya shi yana kallo.

"Baba, rini ake yi?"

"Gado ne, Malam. A Kura."

"Na ganyen baba, ko na kanti?"

"Na baba. Na kanti ai ba ya kama hannu haka."

Malam ya ce don Allah ya shigo ya ga abin da ɗansa ke koyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, sai da Malam ya roƙe shi ya mayar, saboda fasassun kwalabe. Abokiyar aikina ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," da Hausarta tas. Ya amsa yana sa mata albarka.

Malam ya ce mu sake gwajin daga farko. Ta auna ruwan alkali da fifet, wani siririn bututun awo, ta zuba a kwalba, ta ɗiga maganin da ke nuna launi, ruwan ya koma ja-ja mai haske kamar an tsoma furen zoɓo. Na fara sakin asid. Hannuna na rawa. Ɗigo, ta girgiza. Ɗigo, ta girgiza. Jan ya riƙa dusashewa a inda ɗigon ya faɗa yana dawowa. Baba ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa teburin. Can sai ɗigo ɗaya ya sauka, launin ya ɓace gaba ɗaya, ruwa ya koma garau.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ɗigo ɗaya ya kashe shi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya nuna kwalbar alkalin. "Malam, wancan na farkon, in ya taɓa yatsa yana santsi?"

"Yana yi, Baba. Amma wannan yana da ƙarfi, yana cin fata."

"To ai ɗan'uwan ruwan toka ne. Mu da santsin muke gane marina ta ji toka ko ba ta ji ba."

Ban taɓa ganin Malam ya yi dariyar jin daɗi ba sai ranar. Ya buga tebur ya ce kowa ya ajiye abin da yake yi. Ya roƙi Baba ya gaya wa aji yadda ake haɗa marina. Baba ya ɗan noƙe, ya ce shi bai yi boko ba. Malam ya ce ai shi ya sa.

Sai Baba ya fara, a hankali, yadda yake magana in yana koya wa yaran karofi. Ya ce rami ne mai zurfin da ya fi tsayin mutum. A cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi, wato busasshiyar laka ta tsohuwar marina da aka ƙone, a kawo baba a zuba, a rufe. Kullum a zo a motsa da doguwar sanda. Da zafi takan tashi da wuri, da sanyi irin wannan sai ta yi nawa. In ta tashi, wari zai gaya maka, kumfa kuma za ta taru a sama tana ƙyalli. Ya ce, "Abin da baƙo ba ya yarda da shi sai ya gani, in ka tsoma farin zane ka ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, kamar ɗanyen ganye. Sai ya sha iska tukuna, kana kallonsa yana juyewa. Shi ya sa ba a barin zane a ciki. A tsoma, a ɗago, a ba shi iska, a mayar. Iska ce ke rini, mu dai masu ɗagawa ne."

Malam ya juya ga allo ya rubuta kalmomi biyun da muka yi makonni muna haddacewa ba tare da sun zauna mana ba, ridokshan da oksideshan. Ya ce shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. Toka ce ke mayar da ruwan alkali, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyen su cinye iskar oksijin da ke ciki, su juya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, mai launin ɗorawa-kore, wannan shi ne ridokshan. Shi ne ke ratsa zaren. Da an ɗago zane oksijin ta same shi, sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren, wannan kuma shi ne oksideshan. Ya ce masanin Jamus Adolf von Baeyer ya yi shekaru yana bin sirrin wannan launi, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta.

Baba ya gyaɗa kai. "Mun san shi. Shi da atamfar waje su suka kwashe mana kasuwa."

Aka yi tsit. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko hannun yana masa ciwo. Ya ce a'a, sai dai kaushi da hunturu. Wani ya tambayi yadda ake sa ɗan kura sheƙi, ya ba su labarin mabuga, yadda ake shimfiɗa zane a kan gungume ana barbaɗa garin shuni ana dukansa da tabarya har ya ɗauki ido. Lokacin lab ya ƙare ba wanda ya motsa.

A waje abokina ɗan Fagge ya same mu, labari ya riga ya kai masa. Ya gaida Baba, ya ce a ajinsu na Tarihi sun karanta yadda Baturen Jamus Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannen zanen ƙasar nan har Tambutu ake kai shi. Sannan ya juyo gare ni, a hankali yadda Baba ba zai ji ba: "Wata nawa muna cin abinci kwano ɗaya, ka ce min shinkafa kawai?" Ban iya ba shi amsa ba.

Bayan mun yi Azahar na raka Baba bakin titi. Mun daɗe a tsaye, duk A Daidaita Sahun da ta zo a cike take. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙyalle ɗan kura a ƙulle, ya kwance. Kuɗin ne, 'yan ɗari biyar-biyar da 'yan ɗari biyu, sun sha ninki. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga, sun cika har da ɗoriya. Ya ce ɗoriyar ta Inna ce, ta ce in sayi sabulu da sukari. Ya mayar da su cikin ƙyallen ya damƙa mini gaba ɗaya.

Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗazu na ga kana so mu koma gefe."

Na ce, "Baba..."

"Ba komai. Ni ma da ina yaro na taɓa ɓoye hannuna a kasuwar Kurmi. Ka dai yi karatu."

Wata A Daidaita Sahu ta tsaya, saura wurin mutum ɗaya a gefen direba. Ya tattare riga ya shiga. Na tsaya ina kallo har hazo ya haɗiye su wajen Sabon Gari. Da na dawo lab ɗaukar jakata, abokiyar aikina ta nuna aljihun farar rigata. Ƙyallen ya zuba, aljihun ya yi shuɗi, yatsuna ma haka. Ta ce in kawo ta tafi da ita gida ta sa mata bilic. Na ce ta bar shi.

Da wannan rigar na shiga jarrabawar lab ta IJMB. Yadda ta kaya, da dalilin da ya sa na janye daga neman likitanci na cike Kemistiri a Jami'ar Bayero, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.