Da tabonsa ya hau

Ranar Alhamis ɗin nan ina cikin danfo, motar haya ta Legas, daga Mile 12 zuwa Agege, an tsaya cak a cunkoso, ƙafata ta hagu na zugi kamar kullum idan hadari ya taso. Shekara biyu ke nan da kwandon tumatir ya zame daga kan tirela ya karya min ita. Wata biyar ina kwance, jarin ya tafi a magani.

Na buɗe Ayyukan Manzanni sura 1 na Littafi Mai Tsarki a waya, tunda ranar ce ta cika kwana 40 bayan Ista, ranar tunawa da hawan Yesu sama. Dutsen Zaitun, gajimare ya ɗauke Yesu, almajirai sun saki baki suna kallon sama har mutum biyu masu fararen tufafi suka yi musu magana. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi.

Abin da ban taɓa tsayawa a kai ba shi ne jikin da ya hau da shi. Jikin nan ne da ya nuna wa almajirinsa Toma bayan ya tashi daga matattu, da gurbin ƙusa a hannu, da na mashi a haƙarƙari. Tashin matattu bai goge su ba. A Luka sura 24 ma ya gaya wa mabiyansa biyu da ya tarar a hanyar ƙauyen Imuwasu cewa sai Almasihu ya sha wuya kafin ya shiga ɗaukakarsa.

Ni kuwa addu'ata kullum Allah ya shafe tabon nan, har dogon wando nake sawa saboda shi.

Da na faɗa wa Baba mai gadin cocinmu, dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, naɗe wandon mu gani."