Wasiƙa daga Jamus zuwa ga ƙannena masu fama da lissafin mol

Assalamu alaikum ƙannena ɗalibai, musamman masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Ina fata kuna lafiya, ya karatu?

Na ji kokenku a kan lissafin mol, wai shi ne dodon kemistiri. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san yara masu kaifin basira da suka bar ajin kimiyya a kansa. Ina karatu ba nisa da Ludwigshafen, garin da a unguwarsa ta Oppau aka buɗe masana'antar amoniya ta farko a 1913, bisa aikin Fritz Haber da Carl Bosch. Daga amoniya ake yin takin yuriya da iyayenmu ke zuba wa masara, don haka da ita zan yi muku misali.

Mol ƙidaya ce kawai, kamar dozin, sai dai ita ƙwayoyi 6.022 × 10²³ take nufi. Ba mai iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake aunawa a sikeli.

Ga ikweshon haɗa amoniya: N₂ + 3H₂ → 2NH₃, wato naitirojin (N₂) da haidirojin (H₂) suna ba da amoniya (NH₃). Ku lura da kyau, lambobin nan 1 (na gaban N₂, ba a rubuta shi) da 3 da 2 mol suke ƙirgawa, ba giram ba. A nan ne akasari ake zamewa. A ce an ba ku giram 14 na iskar naitirojin, aka tambaye ku amoniya nawa za a samu. Mai gaggawa sai ya ninka 14 sau 2 ya rubuta 28. Ya faɗi. Ku fara mai da giram zuwa mol: nauyin mol ɗaya na N₂ giram 28 ne, domin atam biyu ne a manne, kowane 14. Ke nan kuna da rabin mol. Sannan ku koma ga ikweshon, mol ɗaya na N₂ yana ba da mol biyu na NH₃, to rabi zai ba da ɗaya. Nauyin mol ɗaya na amoniya kuwa 14 da 3, giram 17. Daga ina ƙarin giram 3 ya fito? Daga haidirojin. Babu abin da ya ɓata, babu abin da ya faɗo daga sama.

Wajen daidaita ikweshon kuma, don Allah kada ku taɓa ƙananan lambobin ƙasa. Wanda ya mai da H₂O zuwa H₂O₂ ya bar ruwan sha ya koma maganin wanke ciwo. Lambar gaba kaɗai ake canzawa.

Yanzu ku je ku duba buhun yuriya a rumbu ko a kasuwa, za ku ga an rubuta 46% N. Yuriya ita ce CO(NH₂)₂: kabon 12, oksijin 16, naitirojin 28, haidirojin 4, jimilla 60. Ku raba 28 da 60, za ku samu kusan 46.7 cikin ɗari. Wato a buhu mai kilo 50, wajen kilo 23 ne naitirojin ɗin da shuka ke buƙata. Na so a ce malamanmu suna shiga aji da buhun nan kafin su sa yara haddar ƙa'idoji.

Ga aikin gida: mol nawa ne na yuriya a buhu mai kilo 50, kuma idan kowane mol yana cin mol biyu na amoniya, kilo nawa na amoniya aka kashe? Ku rubuta giram ko mol a gefen kowace lamba.

Ku gaishe mini da malamanku da mutanen gida. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Yayanku,
daga Jamus