Agwagin fadama da guntaye takwas na ƙwayar mura

Duk shekara idan hunturu ya kama, agwagin daji masu ƙaura daga Turai da Asiya kan sauka a fadamun Argungu da gaɓar Kogin Kwara ta wajen Yauri. Murar da ke damunmu a wannan lokaci daga junanmu muke ɗaukarta, amma asalin gidan ƙwayar mura nau'in A shi ne hanjin tsuntsayen ruwa, shi ya sa masu bincike ba sa ɗauke ido daga kansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da wannan ƙwaya shi ne cewa bayanan halittarta ba a dunƙule suke ba, a rabe suke gida takwas. Idan nau'i biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, sai su yi musayar guntaye, a samu sabon nau'in da jikin ɗan'adam bai taɓa cin karo da shi ba. Haka aka samu murar 2009, wadda ta haɗa guntayen murar alade da ta tsuntsu da ta mutum.

A jikin ƙwayar ta waje akwai sinadarai biyu da ake yi wa laƙabi da H da N. Na farkon tamkar ƙugiya yake, da shi take maƙalewa a jikin tantanin hanyar numfashi, na biyun kuma shi ke yanke wa sababbin ƙwayoyi igiya su fice. Ƙugiyar murar tsuntsaye ba ta kama hanci da maƙogwaron mutum sosai, sai can cikin huhu, don haka da wuya ta yaɗu tsakanin mutane, amma wanda ta kama yakan ji jiki. Babban abin da ake dubawa a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ko ƙugiyar ta fara sauya siffa.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar wani nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma da aka karanta bayanan halittar samfuran, sai aka gano cewa cutar ta shigo Nijeriya fiye da sau ɗaya.

A ƙauyukanmu kuwa, da zarar kaza ta fara gyangyaɗi sai a ce a yanka kafin ta zama mushe, sauran kuma a garzaya da su kasuwa. Ban ga laifin talaka ba, domin kazar ce asusunsa. Sai dai kowace kaza da ta shiga tukunya ta tafi da labarin ƙwayar da ta kama ta, alhali abin da likitan dabbobi ke buƙata bai wuce ɗan majinar maƙogwaronta a kan auduga ba. Wahalar tana ga kai wannan samfurin ɗakin gwaje-gwaje, domin ƙwayar na lalacewa a zafi, kuma dole samfurin ya kasance cikin ƙanƙara tun daga Birnin Kebbi har cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato.