Kalma ɗaya da ta farke ɗinkin wata biyu

Jiya na ajiye aiki a shagon da na shekara uku ina amsa saƙonnin masu sayen manyan riguna daga ƙasashen waje. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar "intricate".

Wata mata a Ingila ta ga hoton rigar da muke yi wa mijinta, aska takwas a gaba, tambari a baya, ta rubuto cewa aikin "intricate" ne. Na buɗe ƙamus, na ga "mai rikitarwa". Na tafi Zariya na ce wa mai ɗinkin, "Baba, ta ce aikin ya cika rikitarwa." Bai ce uffan ba. Ya sa tabarau, ya ɗauki reza, ya shiga farke ƙananan zagayen da ya kwashe kusan wata biyu yana bi da allura. Har yau ina ganin zaren nan a zube kan tabarmarsa.

Ashe yabo ta yi. Kalmar daga Latin take, asalinta abin da ya harɗe ya sarƙe. Amma in Bature ya faɗe ta a kan ɗinki, ko lalle, ko zanen bango irin na tsofaffin gidajen Zazzau, nufinsa aiki ne mai ƙananan sassa da yawa da suka shiga juna cikin tsari, wanda sai gwani. Da ƙorafi ne, "complicated" za ta ce. Ita kuwa "delicate" ta fi karkata ga siranta da laushi, abin da ake lallaɓawa kar ya lalace.

Riga ta isa Ingila babu ƙananan zagayen da ta yaba, matar ta dawo da ita. Maigida ya zabtare mini rabin albashi, alhali na tura masa fassarar kafin in tafi Zariya, ya amsa da "to". A gaban yaran shago ya ce digirina na banza ne. Kuskuren nawa ne, ban musa ba, amma ba ni kaɗai na gan shi ba.

Wanda zai gaje ni: kar ka kai wa mai sana'a ƙorafi sai ka sake tambayar mai kaya. Kuma ka riƙa adana saƙonnin maigida.

Da na koma neman gafara, Baba ya ce, "Ba komai, ɗana." Ya mayar da zagayen ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ko sisi a kuɗinsa ba.