Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Faifan da Malam Ya Kawo

A makon jiya na tsaya ne inda Baba ya kama hannuna ya danƙa ni ga Maigida, mai shagon gyaran rediyo da ɗaukar kaset a Sabon Garin Kano. Shekarar 1985 ke nan, ina ɗan shekara 16. Aikina shara, sai goge kan rikoda da auduga da sifirit, sai naɗe zaren kaset da biro in ya warware. Sai da na yi wata huɗu kafin Maigida ya yarda in ɗora allura a kan faifai.

Abin da ake kawo mana kullum sananne ne: Shata, Ɗan Maraya, waƙoƙin Indiya, Bob Marley, sai kaset ɗin wa'azi. Wata Laraba da hantsi sai ga wani malamin sakandare, dogo mai saje, wanda ya yi karatu a Ingila. Ya rungumo wani kwali a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri, faifai biyu ne a ciki. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce, "Samari, je ka wanke hannu tukuna." Da na dawo ya nuna mini yadda ake tallafe faifai ta gefe da tafin hannu, kada yatsa ya taɓa tsakiya.

Na sauke allura. Kafin kiɗa ya kankama sai na ji hayaniya ta cika lasifika, ga tafi, ga feɗuwa, ga ihu. Na ɗaga allurar da sauri na ce, "Malam, faifan nan akwai ƙara a ciki."

Ya ce, "Mayar da ita. Mutane ne."

Ya zauna a kan bencinmu ya yi mini bayani. Ƙungiyar sunanta Dire Straits, faifan kuma Alchemy. An ɗauke shi a wani zauren wasa na Landan mai suna Hammersmith Odeon, cikin watan Yulin 1983, ya fito kasuwa a Maris ɗin 1984. Ya juya kwalin ya nuna mini inda aka rubuta cewa ba a koma situdiyo an yi wa kiɗan kwaskwarima ba. Yadda aka kaɗa a gaban jama'a, haka aka bar shi.

Da aka zo kan waƙar Sultans of Swing na daina duban allurar rikoda, alhali aikina ke nan. A faifan situdiyo waƙar ba ta kai minti 6 ba, amma a nan ta kusa minti 11, kuma ƙarin kusan duk jita ce. Mark Knopfler, jagoransu, ba ya kaɗawa da 'yar robar nan da masu jita ke riƙewa, da yatsu yake tsinkar waya. Malam ya gwada mini a bakin tebur, babban yatsa da na kusa da shi biyu, suna tsittsinka kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shi ya sa sautin ke fita garau, kowane ɗaya da bakinsa. Can tsakiya makaɗan suka lafa, ya rage jita da fiyano suna ba juna amsa a hankali, har kana jin tafin 'yan kallo yana riƙe musu kiɗan. Sai mai ganga, Terry Williams, ya fara turo su gaba, jitar na hawa tana hawa, tsikar jikina ta tashi.

Maigida yana can kusurwa da ƙarfen liƙe waya a hannu, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Baturen nan ya san taro."

Maganar nan ta Maigida ita ta buɗe mini kunne. Shi mutum ne da ya sha kai rikoda wajen biki yana ɗaukar makaɗa, kuma ya sha gaya mana cewa Shata ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Ya danganta da wanda ke zaune a gaba, da wanda ya tashi ya yi liƙi, da yadda kalangu ya ɗauki zafi a ranar. Ni ban ji kalma ɗaya ta Turancin Knopfler ba, don a maƙoshi yake waƙa kamar mai magana da kansa. Amma na gane mutumin da ke sauraron 'yan kallonsa yana ja musu rai, ya san lokacin da zai sake musu. Tun daga ranar, in aka ba ni zaɓi tsakanin faifan situdiyo da wanda aka ɗauka a dandali, na dandali nake ɗauka, ko da kuwa akwai inda yatsa ya zame.

Malam ya bar faifan ya kwana a shago. Da yamma na kwance 'yan kuɗin da nake tarawa na sayi kaset C-90 sabo fil, na durƙusa na ce, "Maigida, don Allah a ba ni izini in ɗauki nawa." Ya ce in ɗauka, amma in na karce faifan mutane, ni da Malam. C-90 minti 45 ne kowane gefe. Waƙar da na yi abin dominta ita ta faɗo ƙarshen gefen farko, kuma daidai inda jitar ta kai ƙololuwa zaren ya ƙare, rikoda ta ce ƙas. Na tashi in sake, aka ɗauke wuta. Da sassafe Malam ya aiko aka karɓi faifansa.

Daga baya ya riƙa kawo wasu. Ya kawo Made in Japan na Deep Purple, wanda aka ɗauka a Osaka da Tokyo cikin Agustan 1972. Ya kawo Band of Gypsys na Jimi Hendrix, da aka ɗauka a zauren Fillmore East na birnin New York a shigowar shekarar 1970, watanni kaɗan kafin Hendrix ya mutu a Landan yana da shekara 27. Shi ne gwanin Malam. Yakan ba ni labarin yadda bahagon nan ya juya jitar 'yan dama ya mai da ita tasa. Ina girmama Hendrix ƙwarai, kiɗansa guguwa ne. Amma ni gwanina Knopfler, saboda yana barin sarari tsakanin sauti da sauti, kamar dattijo mai ba da labari da ya san inda zai yi shiru. Na lura Buzayen da ke zuwa daga Agadas ma sukan tambayi kaset ɗinsa. Shekaru bayan haka, da na ji cewa Bombino, mai jitar nan na Agadas, ya koyi hannu ne yana kallon bidiyon Hendrix da Knopfler, sai na tuna da su tsaye a ƙofar shagonmu da rawunansu.

Kaset ɗina kuwa a ƙarƙashin katifa yake kwana. Wani dare na aro 'yar rikoda daga shago, na shige zaure, na rage murya na kara kunne. Ban ji dawowar Baba daga sallar isha'i ba, inuwarsa kawai na gani a kaina. Baba ba ya son kiɗa a gidansa, kowa ya sani. Na kai hannu zan kashe, ya ce, "Bar shi."

Ya tsaya da carbi a hannu, bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Jitar ta hau, ta hau, sai ƙas.

Ya ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Baba, iyakar abin da na samu ke nan."

Ya sunkuya ya buɗe rikodar da kansa, ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihun rigarsa. Har ya kai bakin ƙofar cikin gida, ya juyo ya ce, "Gobe in ka tashi aiki, ka kai ni wurin malamin nan."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.