Tukwane bakwai a baranda

Asabar, Birnin Kebbi.

Yau da tunanin tukwanen baranda na tashi. Ruwa ya ɗauke, sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba. Bara duk abin da na shuka ɗan damina ne. Ana shiga Disamba sai baranda ta koma busassun karare, haka ta zauna har Yuni. Abin ya yi mini ciwo, domin nan ne wurin zamana bayan la'asar.

Da hantsi na je wurin dattijon da ke sayar da dashe a bakin titi. Na nuna wata mai jan fure, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ba za ta ga ƙarshen bazara a tukunya ba. Kin san Afrilun garin nan, zafi kan haura digiri 40."

"To Baba, wacce za ta jure?"

Sai ya jawo mini kariya. Na daɗe ina kallonta. Gindinta kumbure yake kamar tulu, a nan take ajiye ruwa, kuma da rani, lokacin da ganyenta ya zube kowace shuka ta yi laushi, sannan take fitar da furanninta ruwan hoda. Ya ce yashi take so, yawan ban ruwa shi ke ruɓar da ita. Ya kuma ja kunnena cewa ruwan jikinta dafi ne. Na sayi biyu, na ɗora su bisa dakali inda hannun auta ba zai kai ba.

Na haɗo da alobera, ita kore take shekara cur. Dashen lalle kuwa ba shawarar kowa ba ce, zuciyata ce. Ƙamshin furensa da dare na tuna mini da tsakar gidan kakata a Argungu, don haka shi na bai wa babbar tukunya.

Na'ana'a da ɗaɗɗoya suna inuwa kusa da randa, su sha abin da ke tsatsafowa.

Har azahar ina cakuɗa ƙasar fadama da yashi da tsohon takin awaki. Kowace tukunya na huda gindinta, na sa gutsuren fasasshen tulu kan ramin don kada ƙasa ta toshe shi.

Ta bakwai na kife ta. Ta yakuwa ce, sai ruwan Yuni ya sauka zan zuba iri, in samu ganyen miya da damina, jan zoɓo kuma da kaka. Irin yana cikin kwalba a ɗakin girki, na rubuta sunansa a jiki.